Wata 16 ina neman aiki a kamfanin magani

Ranar da aka rantsar da mu a matsayin masu harhaɗa magunguna a Zariya a 2019, Gwaggo ta rungume ni tana rangaɗa guɗa, ta ce, "Shi ke nan, mun samu mai buɗe mana kemis a unguwa." Kowa ya yi dariya, har da ni. A wajen mutanenmu, in mace ta karanci harhaɗa magunguna wuri biyu ne nata: ko tagar ba da magani a asibiti, ko kanti. Ni kuwa tun muna aji huɗu, ranar da aka kai mu ziyara wata masana'anta na ga injin buga ƙwaya yana zubo da farasitamol kamar ana sheƙa ƙanƙara, zuciyata ta tsaya a can. Ban gaya wa kowa ba a gida.

Abin da ke tsakanin rantsuwa da neman aiki duk ɗan famasi ya san shi: intanship, wato aikin sanin makama na shekara ɗaya, jarabawar PEP ta hukumar PCN mai ba mu lasisi, sai bautar ƙasa. Korona ta cinye mana watanni a tsakani. Abu ɗaya kawai zan tsaya a kansa daga wancan lokacin. A asibitin da na yi intanship akwai wani aiki da kowa yake gudu, wato cike takardar nan ruwan ɗorawa ta NAFDAC da ake kai rahoto da ita idan magani ya yi wa mara lafiya illa. Da yake ni ce ba na iya musu, sai ogarmu ta ɗora min. Na farko da na cike na wani yaro ne ɗan shekara 7 da aka ba shi maganin ƙwayar cuta mai sinadarin salfa, bayan kwanaki leɓɓansa suka kumbura, fatarsa ta fara salewa kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Na zauna gefen gadon ina tambayar mahaifiyarsa ranar da ya fara sha, sau nawa, da me da me aka haɗa masa, har da na gargajiya. Ta ciro kwalbar daga ƙullin zaninta na kwafi lambar rukunin da ke jikinta, wato lambar da ke nuna zubin da aka sarrafa maganin a ciki. Kafin na bar asibitin na cike irin wannan takarda 23. A lokacin wahala kawai na ɗauke ta.

Na gama bautar ƙasa a Nuwamba 2022, na zauna na tsara CV mai shafi huɗu. Babu abin da ban zuba ba: ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, addini, cewa ba ni da aure, makarantar firamare, har da cewa ina son karatu da girki. Takardun nan 23 kuwa ko a layi ɗaya ba su fito ba. Na tura wa kamfanoni sun fi talatin, ta imel, ta LinkedIn, ta Jobberman. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Amsa ɗaya da ta zo da wuri ta wasu ce da suka ce an ɗauke ni, in turo naira 25,000 kuɗin horo da riga. Yayana ya karanta saƙon ya ce, "Ke da ko intabiyu ba ki yi ba?" Da ba don shi ba da na tura, don a lokacin na matsu.

Don kada zama ya yi yawa na kama lokum, wato aikin wucin gadi, a wani kantin magani, daga huɗu na yamma zuwa tara na dare. A nan wani Alhaji ya same ni da tayin da kusan duk 'yar famasi sabuwar fitowa za a yi mata. Zai buɗe kanti, yana buƙatar lasisi. Ba sai na zo ba, in ji shi, ya san ni mace ce, gobe jibi aure. In sa hannu kawai a yi rajista da sunana, a rataya lasisin a bango, duk wata in ji alat. Mu a tsakaninmu "rajista ka tafi" muke ce wa wannan. Kuɗin ya fi abin da nake samu a lokum, kuma ina kwance a ɗaki. Kwana uku ina juya maganar. Wata malamarmu ta jami'a na kira, ta ce, "'Yata, duk abin da aka sayar a kantin nan da sunanki aka sayar. Ranar da aka kama tiramadol ko kodin a ciki, shi Alhaji ɗan kasuwa ne, ke ce famasis." Tun watan Mayu 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, kuma duk ɗan Kano ya san abin da kodin ya yi wa garin nan. Na ba Alhaji haƙuri. Akwai kuma abin da ban sani ba sai daga baya: lasisi a wuri ɗaya ake rajistarsa, in kin jingine shi a kantin wani, ranar da kamfani ya buƙace shi sai kin bi ta kan mai kantin kafin ki karɓo.

Intabiyu na farko na gaske a wani otal aka yi shi a Kano, aikin rep, wato wakilin kamfani mai zagaya asibitoci da kantuna yana tallata magani ga likitoci. Mu goma sha wani abu ne, mata biyu. Tambayoyin magani ban sha wuya ba. Sai ɗaya daga cikinsu ya ajiye biro ya ce, kin iya tuƙi? Na ce ina koyo. Ya ce yankin ya haɗa Kano, Jigawa, Katsina da Zamfara, za ki iya kwana a Gusau? Na yi jim. Ya ce, kuma yaushe ne auren? Na sunkuyar da kai na ce, sai yadda Allah ya yi. Ina fita na san na faɗi.

Na daɗe ina jin haushin tambayar nan ta ƙarshe, kuma har yau ina ganin ba ta dace ba, don babu namijin da aka yi wa ita a ranar. Amma biyun farko gaskiyarsu ne. Aikin rep mota ne da hanya da adadin cinikin da dole ki kawo duk wata, sannan ki bi bashi. Ba na raina shi: manajoji da yawa a kamfanonin nan daga rep suka taso, kuma na san mata da suke yinsa suna fin maza. Kuskurena shi ne na je neman aikin da ban tambayi kaina ko zan iya rayuwarsa ba, ban kuma tambayi gida ba. Ko da sun ɗauke ni, Abba ba zai bar ni in kama hanyar Gusau ni kaɗai ba, yadda hanyar take. Abin da na tsira da shi daga ranar shi ne na je na gama koyon mota na karɓi lasisin tuƙi.

Shekarar 2023 ta zo da nata. Aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. A kanti ina gani da idona, mai asma ya zo ya tambayi kuɗin abin shaƙa, ya juya ya fita. A Agusta GSK, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin magani na Turawa, ta sanar za ta daina sayar da kayanta da kanta a Najeriya, a Nuwamba Sanofi ma ta ce za ta miƙa wa dillali. Mutanen da suka shekara goma a manyan kamfanoni suka dawo kasuwar neman aiki, muna tura CV wuri ɗaya da su. A nan na karaya. Na fara duba kuɗin hayar shago a unguwarmu, in cika wa Gwaggo burinta.

Taron shekara-shekara na ƙungiyarmu ta masu harhaɗa magunguna, PSN, a Gombe aka yi shi a wannan shekarar. Ban yi niyyar zuwa ba saboda kuɗin rajista, yayana ne ya biya ya ce in je ko iska na sha. A zaman ƙungiyar mata masu harhaɗa magunguna, ALPs, na faɗa kusa da wata mata Bayerabiya, ta kai sa'ar Umma, tana fama da fankar hannu. Na ba ta ruwa, hira ta ɓarke. Ashe shugabar sashen tabbatar da inganci ce a wata masana'anta a jihar Ogun, ta fi shekara ashirin a ciki. Na cire kunya na ce, "Ma, ko za ki duba min CV?" Ta karɓi wayata, ta yi ta ja da yatsa, shafi ɗaya, biyu, uku. Ta ɗago ta ce, a cikin duk wannan, me kika taɓa yi da hannunki? Na fara lissafo darussan jami'a. Ta ce ba wannan ba, kowa ya yi su. Can na ce, to, na dai cike takardun illar magani a intanship. Ta ce guda nawa? Na ce 23. Ta dafa gwiwata ta ce, shi ne kika ɓoye, kika rubuta min kina son girki?

A kan kujerun roba, cikin minti ashirin, ta zana min masana'anta a bayan takardar shirin taro. Ga masu sarrafawa a ɗakin injina. Ga ɗakin gwaje-gwaje, inda ake auna ko ƙwayar tana ɗauke da adadin sinadarin da aka rubuta da kuma ko tana narkewa a kan lokaci, kuma a nan ba famasis kaɗai ake ɗauka ba, akwai 'yan kemistiri da 'yan nazarin ƙananan halittu. Ga sashenta, masu bin kowace takarda kafin a saki kaya. Ga masu hulɗa da hukuma, waɗanda suke haɗa kundin rajistar magani su shigar wa NAFDAC, su sabunta duk shekara biyar. Ga masu bibiyar illar magani bayan ya shiga kasuwa, kuma hukuma ta wajabta wa kamfani ya ajiye wanda zai riƙe wannan. Ta ce tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na uku a ma'auninta na ƙwarewar hukumomin sa ido kan magani a 2022, sifetoci suka ƙara matsa wa masana'antu a kan takardu, kuma fitar Turawa ta buɗe wa kamfanonin gida kasuwa. "Kowa rep yake nema," in ji ta, "mu kuma muna neman wanda zai zauna ya karanta takarda bai gaji ba." Ta kuma tuna min cewa Emzor, masana'antar maganin nan da nake gani, mace ce ta kafa ta, Stella Okoli, kuma daga kantin kemis ta fara a Legas a 1977. NAFDAC ɗin ma, daga Dora Akunyili zuwa Mojisola Adeyeye, mata sun riƙe ta. Abin da ya yi ƙaranci, in ji ta, 'yan Arewa ne. A sashenta ba ta taɓa samun takardar Bahaushiya ba.

Ba ta yi min alkawarin aiki ba. Aikin gida ta ba ni. Na dawo Kano na mayar da CV shafi ɗaya da rabi. Na cire addini, aure, ƙaramar hukuma da girki. Layin farko a ƙarƙashin intanship ya zama takardun nan 23, da irin magungunan da abin ya shafa. Na ƙara cewa a lokum ni nake riƙe da littafin zafin firjin insulin safe da yamma, da littafin magungunan da ake kullewa. Na sauke ƙa'idojin kyakkyawan sarrafa magani, GMP, daga shafin NAFDAC, na sa aka buga min, na yi ta bi da jan biro. Na yi kwasa-kwasan kyauta na cibiyar Uppsala da ke Suwidin a kan bibiyar illar magani, yawanci bayan sha biyun dare saboda data ta fi araha. Na koyi yadda kundin rajista yake da sassa biyar da abin da ke cikin kowanne. Sannan na daina watsa takarda kamar mai shuka gero. Kamfani shida na zaɓa, kowanne na rubuta masa wasiƙarsa daban, na nemi sunan shugaban sashen a LinkedIn na tura masa kai tsaye. Uku suka amsa.

Kafin in amsa wa kowa, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sami Abba bayan sallar isha'i, yana kan darduma yana jin rediyo. Na durƙusa na ce, "Abba, akwai maganar da nake so in kawo." Na faɗa masa komai, har da cewa masana'antun nan yawancinsu a Legas da Ogun suke, Ikeja, Ota, Agbara, Shagamu. Ya kashe rediyon. Ya ce, "'Ya mace, ba aure, a Ikko? A gidan wa?" Umma daga bakin ƙofa ta ce ita ba ma wannan ne ya dame ta ba, kamfanin magani ne ba ta yarda da su ba, ko na manta abin da aka yi wa yara a asibitin zana? Tana nufin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda shari'arsa ta kai har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jiha. Ina jaririya aka yi, amma babu gidan da ba a san labarin ba. Na ce, "Umma, aikin da nake nema shi ne na wanda zai ce a tsaya, wannan maganin ba zai fita ba. In babu irinmu a wurin, wa zai faɗa?" Ba ta ce komai ba.

Sati biyu Abba bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ashe yana ta waya da ƙaninsa da ke Agege, wanda ya fi shekara talatin a can yana harkar canji. Sharuɗɗa uku ya kafa: yayana ya raka ni intabiyu ya ga wurin da idonsa, in zauna a gidan Baffa, kuma in sanar da wanda yake nemana tun yanzu, kada a zo ana sa rana magana ta canza. Na ukun ya fi wuya. Na gaya masa, ya ce zai yi tunani. Yana kan tunanin har yau, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Zagayen farko ta Zoom aka yi. Na tafi gidan yayata saboda suna da sola, na jingina wayar da tulin littattafai, na rufe ƙofa, 'ya'yanta suna ta bugu. Zagaye na biyu a masana'antar, a Janairu 2024. Ba kamfanin matar nan ta Gombe ba ne, wani ne daban, amma ita ta ba ni lambar wadda zan tambaya yadda suke intabiyu.

Ba su tambaye ni ma'anar komai ba. Wani mutum mai furfura ya turo min kundin sarrafa rukuni guda na maganin ruwa na yara, shafi kusan ashirin, ya ce akwai kurakurai a ciki, minti talatin. Hannuna yana rawa na fara. A shafi na uku an goge wani adadi da farin ruwan gogewa an rubuta wani a kai. A masana'anta wannan haramun ne: layi ɗaya ake ja a kan kuskure yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. A wani shafin wanda ya auna sinadari shi ne kuma ya sa hannu a gurbin wanda ya duba. Wani wuri an cike da fensir. Wani gurbi an bar shi fayau. Sai lokacin gama haɗawa da aka rubuta ya riga lokacin farawa. Biyar na samu. Ya ce bakwai ne, ya nuna min sauran: ma'aunin da aka yi amfani da shi wa'adin daidaita shi ya wuce, kuma lissafin kwalaben da aka cika bai yi daidai da ruwan da aka haɗa ba. Na ce ban lura ba, na rubuta su a littafina a gabansa. Daga baya ya gaya min rubutawar nan ta fi biyar ɗin burge shi.

Sai tambayar ta zo, daga bakin mace ma wannan karon. Kin taho daga nesa, in kika yi aure fa? Na riga na shirya. Na ce mahaifina ya amince, ina da wurin zama a Agege, yayana yana waje a zaune, kuma na zo ne da niyyar in daɗe in koyi aikin nan. Ban ƙara ko kalma ba, ita ma ba ta ja ba.

Da aka zo zagayawa da mu ciki aka ce a cire ɗan kunne, zobe, agogo, a goge hoda da jan baki. Na tsaya a ɗakin canza kaya da hijabina a hannu, na tambayi matar da ke raka mu yadda ake yi. Ta ce ɗakin mata daban yake, kuma hular aikin tana rufe kai da wuya gaba ɗaya, fuska kawai ke fita, ita ma a sa mata takunkumi. Na duba madubi na ga ko a Kano ban taɓa rufuwa haka ba. Na tambayi wurin salla, ta nuna min wani ɗaki kusa da kantin abinci inda direbobi da masu gadi suke yi. Ina ba duk wadda za ta je shawara ta yi waɗannan tambayoyin a ranar, da sakin fuska, kada ta bari sai ta kama aiki.

Maganar albashi ce na kusa yin ta'asa. Bakina har ya ɗauko "duk abin da kuka bayar", irin tarbiyyar da aka yi mana, sai na tuna matar Gombe ta ce in na faɗi haka ita da kanta za ta zo ta ja min kunne. Tun kafin in taho na tambayi mutum uku a ƙungiyar masu harhaɗa magunguna na masana'antu, NAIP, abin da ake biyan sabon shiga. Na faɗi adadi, na ɗan ɗora. Na tambaya ko kuɗin da suka ambata kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire, don kashi 8 ake cira daga albashin ma'aikaci, kamfani ya zuba kashi 10. Na tambayi inshorar lafiya, motar ma'aikata, da wata nawa ne gwaji. Hutun haihuwa ban tambaya a ɗakin ba. Dokar ƙwadago ta ba da sati 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, sai na jira takardar ɗauka ta zo na duba abin da suka rubuta, na ga nasu bai gaza haka ba, sannan na sa hannu. Ba su ba ni adadin da na faɗa ba. Sun tsaya a tsakiya.

Na kama aiki a Maris 2024. Kafin in tafi, a Fabrairu, hukuma ta rufe ɗaruruwan shagunan magani a Sabon Gari aka ce su koma sabuwar kasuwar Dangwauro. Na tuna da Alhajin nan da lasisina, na yi hamdala.

Daga Agege zuwa wurin aiki, in ban fita ƙarfe biyar da rabi ba motar ma'aikata ta wuce. Watan farko kullum sai na yi kuka a banɗaki, ga cunkoso, ga Yarabancin da ba na ji, ga kewar tuwon Umma. A sati na biyu na rubuta kwanan wata ba daidai ba a littafin ɗakin ajiya, hannuna ya tafi zai murje shi da biro, mai furfura yana tsaye a bayana bai ce uffan ba. Na tsaya, na ja layi ɗaya, na sa hannu.

Da babbar salla na je gida. Gwaggo ta zo gaishe da Umma, jikanta yana zazzaɓi, ta ciro kwalbar magani daga jaka za ta ba shi. Na ga tambarin kamfaninmu. Na karɓa na juya gindin kwalin, na karanta lambar rukunin. Na watan Afrilu ne, na san shi, don sai da na mayar da kundinsa sau biyu saboda wani sa hannu da ya ɓata. Na ce, "Gwaggo, wannan ta hannuna ya bi kafin ya fito." Ta karɓe kwalbar ta ɗaga ta sama tana dubawa, ta ce, "To ai shi ke nan. In za ki dawo ki taho min da katan guda, tunda kemis ɗin dai kin ƙi buɗewa."